Katafilar Kawu da Tirelar da Ba Wanda Ya Leƙa Ƙarƙashinta

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya fi shekara ashirin yana sana'ar yashi da marmara a Kano. A lokacin tifofi huɗu gare shi, suna ɗebo yashi daga wajen Wudil, suna kuma ɗaukar jar ƙasa daga ramukan da ake haƙa a bayan gari don cikon fili da burji. Ni nake riƙe masa littafin lissafi tun da na gama makaranta, saboda haka abin da zan faɗa a nan daga littafin ne, sai kuma abin da idona ya gane mini. Ya yarda in rubuta bisa sharaɗi biyu: kada in ambaci sunansa, kada kuma in faɗi jimillar kuɗin, don a cewarsa masu zuwa neman rance sun ishe shi haka nan.

Abin da ya dame shi shekara da shekaru shi ne haya. Tifa ba ta loda kanta. Ko dai a sa majiya ƙarfi da shebur, mota ɗaya ta cinye rabin safiya, ko a ɗauko eskabeta, wato katafila mai haƙa da lodi, haya, a biya kuɗin yini, a zuba mata gas, a biya kuɗin kawo ta da mayar da ita. Daga 2020 zuwa sama, da manyan ayyuka suka yi yawa a yankin, ga bututun gas na Ajaokuta zuwa Kano, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, ga gyaran hanyar Abuja, masu katafila suka zama 'yan lele. Ka yi magana da mutum, ka ba shi kafin alƙalami, ranar aiki ya ce wani kamfani ya ɗauke ta na wata guda. Tifofi huɗu su kwana a tsaye, direbobi da yaransu kuwa sai an ba su na abinci. A farkon 2023 Kawu ya ce ya gaji, zai sayi tasa.

Zaɓi biyu aka kawo masa. Na farko Caterpillar 320C ce a wani fili a Legas, tsohuwa, fentinta ya koɗe, amma an riga an biya mata kuɗin kwastan, ana iya zuwa a tayar da ita a gani. Na biyu 320E ce a Holan, wadda wani dillali ɗan unguwarmu da ke zaune a Beljiyam ya turo hotunanta ta WhatsApp: rawaya shar, gilashi ba tsaga, kujera kamar ba a taɓa zama a kanta ba, agogonta na nuna awa 6,400 da 'yan kai. Dillalin ya ƙara da wata gara. Mai katafilar a Holan yana da lobed, wato tirelar ɗaukar manyan injuna, mai ƙafa uku da yake son rabuwa da ita, in an haɗa biyun zai yi rangwame, kuma jirgi ɗaya zai ɗauko su daga Antwerp. Da aka buga lissafi a lokacin, ta Holan da tirelarta, har da kuɗin jirgi da na kwastan, ba su fi ta Legas ita kaɗai da wani abin a zo a gani ba.

Bakaniken da ke duba mana motoci, wanda kowa ke kira Injiniya ko da yake a garejin Ƙofar Ruwa ya yi karatunsa, bai so ba. Na tuna zamanmu a ƙofar gida bayan la'asar, ya karɓi wayar Kawu yana ja da yatsa yana ƙara girman hoton.

"Alhaji, ban ga hoton ƙasa ba. Duk daga sama aka ɗauka. Ka ce ya ɗauko mana haƙoran sifaroket, da sarƙa, da bidiyon tayar da ita da sassafe kafin inji ya yi zafi."

"Injiniya, kai dai ba ka son abin da ba ka saba da shi ba."

"Haka ne, Alhaji. Wancan C ɗin, ko cikin dare ka tashe ni zan kwance maka injinta in mayar. Wannan kuwa kwamfuta ce da bokiti."

Aka yi dariya. An turo bidiyon daga baya, amma injin ya riga ya ɗumama, kuma mai ɗauka bai sunkuya ba. Tirelar kuwa hoto biyu kacal muka gani, ɗaya ta gefe ɗaya ta baya, kuma babu wanda ya nemi ƙari, har da ni, har da Injiniya. Kowa ya ɗauke ta a matsayin gyara, irin wadda mai tumatir ke ɗora maka bayan an gama ciniki. Ƙarfe ne da tayoyi, me za a duba?

Aka sayi yuro a Wapa kashi-kashi, lokacin ana tsakiyar wahalar ƙarancin takardun naira, aka tura kafin alƙalami a watan Afrilu, aka cika a watan Mayu. Ejan ɗinmu na fiton kaya a Legas ya buɗe Form M, takardar shigo da kaya, ta banki, ya ba mu ƙiyasin kuɗin fito. Wani abokin Kawu ya ba da shawarar a sauke a Kwatano a biyo ta Nijar kamar yadda ake yi da motoci a da, Kawu ya ƙi, don tun watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ba ya son abin da zai haɗa tirelarsa da kame. Nan dai ya yi dabara, domin da ya bi waccan shawara, da juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli da rufe iyakar da ya biyo baya sun iya rutsawa da kayan a hanya.

Jirgi ya iso tashar Tin Can ta Legas a watan Yuni. A nan ne aka ga cewa lambar jikin katafilar, wadda ke da harufa da lambobi 17, an rubuta ta ba daidai ba a takardar jirgi: inda ya kamata a sa 8 an sa B. Kuskuren yatsa ne kawai, amma ba a fitar da kaya a kansa. Sai an koma wa wanda ya yi lodi a can Turai ya nemi gyara, kamfanin jirgi ya amince, sannan a daidaita sauran takardu. Dillalinmu kuwa, wanda a da ko ƙarfe biyun dare ka kira shi zai ɗauka, ya koma sai an yi masa kira biyar ya amsa da saƙo ɗaya. La'adarsa ta riga ta shiga aljihu.

Mako uku aka yi ana wannan. A lokacin da ba komai, mako uku kuɗin ajiya ne kawai na tasha da na kamfanin jirgi, ciwo ne amma ba ya kisa. Sai dai makonnin nan sun faɗo daidai lokacin da Babban Banki ya saki naira a tsakiyar Yunin 2023. Kwastan da dala suke ƙiyasta darajar kaya, sannan su juya ta naira da farashin hukuma. Ƙiyasin da ejan ya ba mu an yi shi ne dala tana wajen naira 422 a lissafinsu. Kafin ƙarshen Yuni ta koma 589, a farkon Yuli ta kai 770. Kaya ɗaya, takarda ɗaya, kuɗin fito ya kusa ninkawa saboda harafi ɗaya. Kawu ya sayar da tifa guda, mafi lafiya a cikin huɗun, don ita ce za a saya a kwana biyu ba tare da an ja ciniki ba. Ga tallafin fetur an cire tun 29 ga Mayu, komai na hanya ya tashi, har kuɗin ɗakin da ni da direba muke kwana a Legas.

Ranar da aka fito da kayan ni ina wurin. Mun zo da kan DAF da muka ɗauko haya, direba ya yi baya a hankali don ya sarƙafa tirelar, aka ji ƙarfe ya daki ƙarfe, bai shiga ba. Ya ja gaba ya sake, haka dai. Ya sauko da tocila ya shiga ƙarƙashin wuyan, ya fito yana girgiza kai. Ƙusar da ke shiga farantin kan mota, wadda suke kira kinfin, iri biyu ce: akwai mai kaurin inci 2, ita ce a jikin yawancin tireloli, akwai kuma mai inci 3 da rabi da ake sa wa masu ɗaukar kaya mai nauyi. Tamu babbar ce, farantin motar kuma na ƙaramar ne. Tambaya ɗaya da an yi wa dillali a watan Afrilu ta isa. Allah ya taimake mu ta ɗaurin noti ce ba ta walda ba, aka samo ƙaramar a kasuwar Ladipo aka canza, amma kwana biyu sun tafi, mai kan mota yana ƙirga kuɗinsa.

Hanya ce ta nuna mana sauran. Eskabeta irin wannan ta haura tan 20, faɗinta wajen mita uku, kuma da ƙafarta ba ta wuce kilomita biyar da ɗan abu a awa, ga sarƙarta tana cin kwalta. Duk inda za ta, a bayan tirela za ta. Ita kuwa tirelar an ƙera ta ne don titin Turai: tayoyi ƙanana masu rim 17.5 don gadon ya yi ƙasa, kuma maimakon sifirin na ƙarfe, balan-balan ne na iska a kan kowace ƙafa. Tayoyin da ido kamar sababbi, zanensu bai cinye ba, amma da muka karanta lambar shekara a gefensu bayan ta farko ta fashe, sai muka ga sun haura shekara tara. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Tsakanin Ilori da Jebba muka rasa biyu. Kafin Mokwa balan ɗaya ta fashe a wani rami, gadon ya karkata gefe da katafila a kai, na ga yaron mota ya yi tsalle ya koma daji yana salati.

Kwana huɗu muka yi a Mokwa. Garin cike yake da tireloli da masu faci, tayar 22.5 ko guda ɗari kake so za a tara maka kafin azahar, amma 17.5 sai aka yi ta kallonmu kamar mun tambayi ƙahon doki. Daga Legas aka saka mana su a motar haya, tare da balan ɗin. Ina kwance a kan tabarma ƙarƙashin tirelar da dare, don inuwa da tsaro, na haska tocila sama ba da wata niyya ba, sai na ga layin walda a jikin babban ƙarfen shasi, daidai inda wuya ya haɗu da gado, an shafe shi da baƙin fenti. Ta taɓa tsagewa kenan aka ɗinke. Na kira Kawu na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ku dai taho a hankali, ɗana. Kada ka gaya wa direba." Ban gaya masa ba, kuma har yau ban tabbata na kyauta ba.

Muka biyo ta Bida da Suleja muka hau hanyar Kaduna, don ba mai hankalin da zai bi ta Birnin Gwari da irin wannan kaya a lokacin. Mun shiga Kano a watan Agusta, damina ta yi tsaka, ramukan marmara duk sun zama kududdufai. Lissafin farko shi ne ta iso kafin ruwa ya zauna ta yi ko da wata guda tana aiki.

Injiniya ya zo ya zagaya ta sau biyu bai ce komai ba. Ya hau, ya duba fedar tafiya, robar ta cinye har ƙarfe ya fito. Ya sa afareta ya ɗaga hannun ya girgiza bokiti, fil-fil ɗin suna ƙwal-ƙwal. Ya kankare fentin haƙoran sifaroket, ƙarfen da ke jan sarƙa, da makulli, sun yi tsini kamar haƙoran zarto, alhali lafiyayyu kansu a daƙushe yake. Ya ce, "Alhaji, wannan ba awa dubu shida ba ce." Aka kira wani yaro mai kwamfuta ya jona ta da ƙwaƙwalwar injin, wadda ke riƙe nata lissafin daban da na allon gaban afareta. Ta nuna sama da awa 13,000. An canza allon ne a wani lokaci, ko don ya lalace ko don wata manufa, Allah masani, mai sayarwa dai bai faɗa ba. Awa 13,000 ba mutuwa ba ce ga irin wannan inji in an kula da shi. Amma kuɗin mai 6,400 muka biya, kuma a tsakanin lambobin nan biyu ne sarƙa da rola da fil suke cinyewa, kayan ƙasan nan kuwa su ne suka fi komai cin kuɗi a gyaran katafila.

Duk da haka ta fara aiki a ƙarshen Satumba, kuma gaskiya ta yi aiki. Tana loda tifa kafin direba ya gama shan shayi, gas ɗin da take sha bai kai na tsofaffin da muke haya ba. Mako biyar Kawu yana zuwa bakin rami da kujerarsa yana kallo. Sai fitila ta kama a allo, ƙarfinta ya ragu, ta koma ɗaga bokiti kamar mai azumi.

Wannan ba lalacewa ba ce, kuma ba laifin maƙera ba ne. Tun wajen 2011 zuwa 2012 dokar hayaƙi ta Turai ta tilasta wa injinan wannan aji rage baƙin hayaƙi, shi ya sa aka sa musu tukunyar tacewa a bututun salansa, wadda ake kira DPF. Tana tara toka, lokaci-lokaci injin ya ƙone ta da kansa. An yi tsarin ne a kan gas ɗin Turai, wanda farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan, da kuma baƙin mai na musamman marar toka da yawa. Mu kuwa gas ɗinmu a jarka yake zuwa bakin rami, daga hannun wanda ya saya a hannun wani, wani lokaci da ruwa, wani lokaci da kananzir. Baƙin man da muka zuba mata kuma irin na tifa ne. Tukunyar ta toshe, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi don ta kare shi. Abin da Injiniya ya hango kenan tun a ƙofar gida, ko da yake bai san sunansa ba.

A nan muka yi saɓani da Kawu. Ni na so a wanke tukunyar, a nemi gas mai kyau daga babban gidan mai, a sayi matata ta biyu mai raba ruwa da mai. Shi ya ce ba zai yi kiwon katafila kamar jinjiri ba. Aka ɗauko wani daga Legas, kuɗin jirginsa da masaukinsa a kanmu, ya cire tukunyar ya sake wa kwamfutar karatu. Ta dawo da ƙarfinta, tana kuma tuƙa hayaƙi kamar sauran. Afareta ne ke shaƙa, da masu shebur da ke gyara lodi. Nozul biyu, masu fesa gas cikin inji, kuma sun tafi bayan wata uku, don cire tukunya bai gyara gas ɗin ba, sai a lokacin aka sayi matatar da na faɗa.

Da na tattara littafi a ƙarshen shekara, abin da na gani shi ne: a duk naira 100 da aka kashe daga ranar kafin alƙalami zuwa ranar da katafilar ta zauna da ƙafarta sosai, abin da ya tafi ga mai sayarwa bai kai 60 ba. Sauran jirgi ne, da kwastan, da ajiya, da tayoyi, da sarƙa, da mai kwamfuta. Ban ma sa watannin da tifar da aka sayar ba ta kawo komai ba. Ta Legas da aka raina, da ta fara aiki tun watan Afrilu.

Kawu bai yarda ya yi asara ba, kuma in ka bi ta lambobi yana da hujja. A watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, aka zo har gida aka taya katafilar da kuɗin da ya fi duk abin da ya kashe. Yakan ce wa abokansa, "Da na tsaya jin maganar yara da bakanike, da yanzu ina?" Ni dai a ganina naira ce ta faɗi, ba cinikin ne ya yi kyau ba. Ko ta Legas ya saya, haka za ta tashi, ko buhunan siminti ya tara. Faɗuwar da ta sa ya sayar da tifarsa a Yuli, ita ce ta dawo ta rufa masa asiri a Fabrairu. Ban taɓa faɗa masa haka a gaban mutane ba.

Abin da bai zata ba, ni ma ban zata ba, tirelar ce. Bayan ta sha zama, aka kai ta wurin masu walda, suka cire balan-balan suka sa sifirin na ƙarfe da ƙafafun wata tsohuwar tirela masu tayar 22.5, suka ɗora faranti a kan tsohuwar tsagar ciki da waje. Gadon ya ƙara tsawo, sai an yi hattara a ƙarƙashin wayoyin wuta, amma tayarta yanzu ko a Kwanar Dangora ta fashe za a samu. Sai ga shi masu gireda da rola da buldoza a Kano sun fi masu lobed yawa nesa ba kusa ba. Yau Dutse, gobe Katsina, jibi Zariya. A wasu watannin abin da take kawowa ya fi na katafilar, ba ta shan gas, ba ta da kwamfuta.

A bara Kawu ya tashi sayen feloda, injin lodi mai tayoyi. Dillalin nan na Beljiyam ya ji labari ya turo hotuna, Kawu ya amsa masa da "Allah ya sa albarka" kawai. Ya biya wa Injiniya kuɗin mota, muka tafi Legas mu uku, tare da yaron nan mai kwamfuta da ya same mu a can. Muna shiga filin, mai kaya ya nufi injin zai tayar mana, Injiniya ya ɗaga masa hannu, ya fara dafa murfin injin da tafinsa ya ji ko da ɗumi. Da ɗumi. Ya ce za mu dawo gobe da asuba, kada kowa ya taɓa makullin. Mai kaya ya fara ƙorafi, ya dubi Kawu yana jiran ya tsawata wa bakanikensa. Kawu ya gyara hularsa ya ce, "Ai ka ji abin da Injiniya ya ce."

Da za mu fita, akwai wata lobed a bakin ƙofa da aka rubuta mata na sayarwa. Ba mu zo don ita ba. Na waiwaya ban ga Kawu ba, sai ƙafafunsa da takalmansa na gani sun leƙo daga ƙarƙashinta, babbar rigarsa a cikin ƙura, yana kira, "Ɗana, miƙo mini tocilar nan."